Kurakuran Littafi na Biyu a Labaran Bayan Rushewar Duniya

Na gaji da maimaita magana guda ga matasan da ke turo mini rubutunsu nan Yamai. Littafi na ɗaya sai ya yi armashi: annoba ko yaƙi ya share duniya, wuta ta ɗauke, jama'a sun watse. Da an shiga na biyu, sai labarin ya sukurkuce.

Kuskuren da ya fi kowane shi ne mantawa da cewa lokaci ya shuɗe. Ni kaina ya ci ni, har yau ina jin zafinsa. Na buɗe littafina na biyu shekara 12 bayan rushewar, na ɗauki jarumata na sa ta a mota, ta bar Yamai da asuba, ta yi magariba a Tawa. Kashegari wani bakanike cikin masu karatu ya turo mini saƙon murya: "Malam, da wane mai ta tafi?" Gaskiyarsa. Fetur in ya daɗe a ajiye lalacewa yake, ya yi danƙo ya toshe inji. Batir a zafin ƙasarmu da wuya ya wuce shekara 3. Taya kuwa tsagewa take ko ba a taka ta ba. Tafiyar nan kusan kilomita 550 ce, ta Doso, Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni. A ƙafa ko bisa raƙumi, kilomita 30 a yini, mako uku ya kusa cika. Mako ukun nan su ne labarin! Wa ke riƙe da rijiyoyin hanya? Me ake biya kafin a sha? Duk na zubar da su a shafi ɗaya. Masu karatun da suka biya dala ɗari-ɗari don karanta labarin suka yi ta ficewa, ni kuma na koma na sake babi tara daga tushe.

Tun daga nan ba na fara na biyu sai da littafin ɗan makaranta a gefena. Kowane shafi shekara guda ce bayan rushewar. Sama in rubuta abin da ya ƙare a shekarar, mai ne ko magani ko harsashi, ƙasa in rubuta abin da ya maye gurbinsa da yaran da aka haifa. Yaron da bai taɓa ganin fanka na juyawa ba, kada ka sa masa maganar waya a baki.

Sai yunwa. Haba ƴan uwa! Me ya sa har a littafi na biyu mutanenku ke fasa kanti suna ɗibar abincin gwangwani? Wannan a fim kuka gani. Kakanninku na raye, sun ga farin 1973 da 1974, sun ga yunwar 1984. Ku zauna gabansu ku ji yadda ake jiƙa anza kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya fita, yadda ake sussukar ƙarangiya, yadda aka tona gidan tururuwa don neman hatsi. A littafi na biyu wawaso ya ƙare. Rigimar ta koma kan iri da rumbu: a ci geron yau, ko a ajiye shi har damina? Uba da ɗa sukan raba gari a kan wannan.

Sauran ƙanana ne. Kada ka cinye shafi 20 kana tuna mana abin da ya faru a baya, sakin layi biyu sun isa. Wanda ka binne a na ɗaya ka bar shi a kabarinsa. Ba dole sai ka ƙirƙiro mugu wanda ya fi na farko girma ba, maƙwabci mai riƙe da igiyar guga ya ishe ka. Kuma ka sake karanta na ɗaya kafin ka ɗora, don makon jiya a rubutun wani na ga Hadiza ta koma Halima a babi na huɗu.