Doguwar tafiya a jirgin sama da ƙananan yara: abin da uwa za ta shirya tun tana gida

Yawanci haka abin yake zuwar mana. Maigida ya riga ya tafi karatu ko aiki, ya kama gida, sai biza ta fito a ce uwargida ta biyo shi da yara. Sai ki ga mace ɗaya da goyo a baya, ɗan shekara 3 a hannu, yayarsu tana jan jaka, kuma wannan ne hawanta jirgi na farko, ko na biyu in ta taɓa zuwa Umara. Da ke nake, 'yar'uwa. Amma maigida ma ya matso kusa, domin rabin wahalar tafiyar nan a hannunsa take tun ranar da ya zauna sayen tikiti.

Maza suna da halin bin mafi araha. Tikitin da ya fi araha kuwa sau da yawa shi ne mai zango biyu, ko mai zaman kwana a filin jirgi, ko wanda tsakanin sauka da tashi bai kai awa ɗaya ba. Namiji shi kaɗai zai iya falla gudu ya cim ma jirgi na biyu. Mace mai yara uku, wadda ɗaya zai ce fitsari yake ji a daidai lokacin da ake kiran fasinjoji, ba za ta iya ba. Daga Abuja ko Legas zuwa Landan kai tsaye awa 6 ne da ɗoriya. In daga Kano za ki tashi ta Addis Ababa, Alƙahira ko Doha, tafiyar takan ninka haka har ta wuce. Daga Legas zuwa Atlanta kuwa wajen awa 12 ake yi a sama ba sauka. A ganina, in ba a samu kai tsaye ba, zango ɗaya na awa 3 zuwa 4 ya fi komai: ya isa a canza famfas, a yi salla, yara su zazzaga su warware ƙafa. Kuma a sayi tafiyar duka a tikiti ɗaya, yadda manyan jakunkuna za su wuce da kansu, in jirgin farko ya makara kuma kamfanin ne zai nema muku wani.

A duba batun ƙasar da za a yada zango. Masu fasfon Najeriya da na Gana suna cikin waɗanda ake nema wa bizar ratse ko da canza jirgi kawai za su yi a Paris, Frankfurt ko Amsterdam. Mai ingantacciyar bizar Amurka ko Kanada akan ɗauke masa, amma kada mai bizar Ingila ya ɗauka shi ma ya tsira, ya tambayi kamfanin jirgin kafin ya biya kuɗi. A wajen awon kaya ake mayar da mutum gida kan wannan, da yaransa da komatsansa.

Yaron da bai kai shekara 2 ba akan biya masa kamar kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba, amma ba shi da kujera, cinyarki ce kujerarsa har a sauka. Ga jaririn wata 4 wannan ba komai ba ne. Ga ɗan wata 20 mai ƙiriniya, in da hali a saya masa kujera kawai. Babba ɗaya yaro ɗaya aka yarda ya riƙe a cinya, saboda haka mai tagwaye ko kwanika dole ta sayi kujera ta biyu. Akwai ɗan gadon jarirai da ake maƙalawa a bangon da ke gaban layin farko, basinet suke kiransa. Kaɗan ne a kowane jirgi, yawanci na yaron da bai wuce kilo 10 zuwa 11 ba, kuma ba a ba wanda bai nema ba. Ranar da aka sayi tikiti ake kira a nema. Haka abincin yara, aƙalla awa 24 kafin tashi. A nan akwai abin lura: kowane fasinja abinci na musamman ɗaya yake iya zaɓa. A jiragen Qatar, Turkiyya da Masar duk abincin halal ne, sai ki zaɓi na yara hankali kwance. A jiragen Turawa kuwa na yara ba lallai ya zama halal ba, gara ki zaɓa musu na Musulmi, wanda ake rubutawa MOML.

Takardu. Kowane yaro da fasfonsa da bizarsa, wannan kowa ya sani. Abin da ake mantawa shi ne yadda sunayenmu suke. Ke kina ɗauke da sunan mahaifinki, yaran suna ɗauke da sunan nasu mahaifin, jami'in shige da fice a Landan ko Toronto ya duba fasfo huɗu bai ga abin da ya haɗa ki da yaran ba. Aikinsa ne ya tambaya, domin dokar ƙasarsa ta ɗora masa kula da satar yara. Ki riƙe takardar haihuwar kowane yaro ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da takardar aure, da wasiƙar amincewar mahaifinsu mai sa hannunsa da lambar wayarsa. Su zauna a ƙaramar jaka mai ratayawa a wuya tare da katin rigakafin shawara da katin allurar yara, wanda likitan can zai nema idan kin je yi musu rajista. Adireshin gidan da za ki sauka ki rubuta a takarda da biro, kada ki dogara da waya, caji yana ƙarewa a lokacin da aka fi bukatarsa. In jami'in ya juya ya tambayi babbar 'yarki wace ce wannan, ki bar ta ta amsa da bakinta.

Maganar lafiya ita ce na fi so mu daɗe a kanta. Iskar cikin jirgi ba irin ta ƙasa ba ce. Ana daidaita ta kamar mutum yana kan tsauni mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, wato kusan ninkin tudun Jos, ga ta busasshiya kamar tsakiyar hunturu, ga sanyi. Lafiyayyen yaro leɓensa ne kawai zai bushe. Amma ƙarancin iskar shaƙa, ƙishirwa da sanyi su ne ainihin abubuwan da ke tayar da ciwon sikila, kuma babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu wannan lalura. In kina da ɗa mai sikila, kada ki hau jirgi sai kun ga likitansa makonni kafin tafiya. Ya rubuta takarda da Turanci, ya ba da magungunan da za su zauna a jakar hannu, ya faɗa ko yaron zai bukaci ƙarin iska a cikin jirgi, domin wannan sai an sanar da kamfanin tun da wuri. A hanya kuma ruwa, ruwa, ruwa, da rigar sanyi da safa, da tashi a taka kowane ɗan lokaci. Na san wasu suna ɓoye lalurar don tsoron kada a hana su tafiya. Wannan ganganci ne, domin a sama babu asibitin da za a ruga.

Sai kunne. Lokacin da jirgi ya fara gangarowa, kamar rabin awa kafin sauka, iska tana matse dodon kunne, kuma hanyar da ke daidaita ta a kunnen yara siririya ce. Kukan da kike jin jarirai suna tsalawa gab da sauka na ciwo ne, ba rigima ba. Haɗiya ke buɗe hanyar. Saboda haka ki ja lokacin shayarwa ya faɗo daidai nan, ki yafa mayafinki ki ba shi mama, ko fida. Manyan a ba su ruwa su riƙa kurɓa, ko alewa ga wanda ya isa tsotsa ba tare da ta maƙale masa ba. In jariri yana barci aka fara sauka, ni dai tashinsa nake ganin ya fi. Yaron da ke fama da mura mai toshe hanci ko ciwon kunne a kai shi asibiti kafin ranar.

Akwai shawarar da za ki ji a gidan biki ko wajen mai kemis: a ɗura wa yaro maganin mura ya yi ta barci har a sauka. Kada ki karɓa. Phenergan, ɗaya daga cikin magungunan da ke sa barci, ba a ba yaron da bai kai shekara 2 ba saboda yana iya danne numfashi, kuma a Ingila tun 2009 hukumar kula da magunguna ta ce kada a ba 'yan ƙasa da shekara 6 irin waɗannan magungunan tari da mura na kemis. Wani yaron ma maimakon barci sai maganin ya birkita shi, ya kwana yana tsalle a kan kujera. Farasitamol na yara da sirinjin awonsa ya ishe ki.

Hannu biyu Allah ya ba ki, kuma duka na yara ne. Ana jin za ki tafi saƙo zai fara zuwa: yajin wance, atamfar wance, ƙullin da za a kai wa ɗan wane a Manchester. Abin da ya shiga babbar jaka bayan kin buɗe kin gani da idonki, to. Abin da aka naɗe aka ce kada a buɗe, ki ba da haƙuri ko daga wa ya fito. Jakar hannu kuwa ɗaya tak, mai goyawa ko ratayawa, kuma ta yara ce: famfas fiye da lissafinki, kayan canji na kowane yaro, riga ɗaya taki domin amai ba ya sallama, ledoji, da rigunan sanyi in lokacin sanyi za ku sauka. Dokar nan ta hana shiga da ruwa fiye da mililita 100 ba ta hau kan madarar jariri da abincinsa da ruwan haɗa madara ba, sai dai ki fito da su a gani. Ki zuba cincin, dabino da biskit, domin yaron da ya saba da tuwo zai iya kallon abincin jirgi ya kawar da kai. Gyaɗa da ƙuli-ƙuli ki bar su a babbar jaka. Wani lokaci akan yi sanarwa cewa akwai fasinjan da gyaɗa ke yi wa illa, kada kowa ya buɗe.

Zanen goyonki da majanyi sun fi keken jariri amfani. Keken ana karɓe shi a ƙofar jirgi, kuma a wasu filayen ba za ki sake ganinsa ba sai wajen ɗaukar kaya, bayan doguwar tafiyar ƙafa da layin shige da fice. Goyo kuwa yana jikinki. Za a ce ki sauke shi wajen bincike, da lokacin tashi da sauka, inda a wasu jiragen za a ba ki ɗan bel da ake haɗawa da naki. Tsakanin nan, in rigima ta tashi, ki goya shi ki je bayan jirgi ki yi ta jijjiga. Ba mai hana ki muddin fitilar ɗaura bel ba ta kunne.

Kunya ce ke gajiyar da mu fiye da yaran. Yaro ya yi kuka, uwa ta ga kamar duk jirgin ita ake kallo, sai ta hau tsawa, ko ta kai masa ranƙwashi don ya yi shiru. Kukan bai dami kowa ba kamar yadda kike zato, ƙarar injin ta cinye rabinsa. Dukan ne zai jawo ido. Jamus ta hana dukan yara tun 2000, Faransa a 2019, Sukotland a 2020, Wales a 2022, kuma ko a inda doka ba ta hana ƙarara ba, ma'aikaciyar jirgi tana iya kai rahoto. Gara ki fara sabawa tun daga nan. Kunyar nan kuma ita ke hana mu roƙo. Ki danna ƙararrawa ki nemi ruwan zafi, ƙarin bargo, ko a tsaya miki kusa da yara ki shiga banɗaki. Aikinsu ne. Waya ko kwamfutar hannu da aka sauke wa katun tun a gida, ranar nan a sake musu ita, tarbiyya ba za ta rushe a kwana ɗaya ba.

Banɗakin jirgi babu buta, ki tanadi ƙaramar gora. Akwai allon canza famfas da ake saukewa a saman masan. Ƙarar zuƙe ruwan tana firgita yara har wani ya ƙi komawa, saboda haka ki fitar da yaron kafin ki danna. Salla kuwa matafiya ce ke, ga ƙasaru ga haɗawa, kuma filayen Doha, Istanbul, Alƙahira da Addis Ababa duk suna da wurin salla.

Kafin a sauka, kilishi da dambun naman da aka yi guzuri su ƙare a ciki. Ingila ba ta yarda a shigo da nama ko kayan nono daga ƙasashenmu ba, har man shanu, haka Amurka da Kanada suna tsananta wa nama ƙwarai. Madarar jariri ta gwangwani Ingila ta yarda da ita har kilo 2. Kuka, kuɓewa busasshiya da yaji ba su cika zama matsala ba, amma in fom ko jami'i ya tambaya ko kina ɗauke da abinci, ki ce e ki nuna. Wanda ya bayyana, iyakaci a karɓe abin. Wanda ya ɓoye aka gano shi ake ci tara.

Maigida, kai kuma kada ka zo tarba hannu na dukan cinya. A Ingila yaro sai ya kai shekara 12 ko tsayin santimita 135 kafin ya zauna a mota ba kujerar yara, in motar aboki ka aro sai ka zo da kujerun a ɗaure. Ka zo da riguna masu kauri, ka bar abinci a dafe a gida. Masu sauka Ingila ba su da matsalar agogo, bambancin awa ɗaya ne da sanyi, da bazara ma babu. Masu Toronto ko New York kuwa awa 5 ne zuwa 6, yara za su farka ƙarfe 2 na dare suna neman karin kumallo. A ba su abu mara nauyi, a bar fitila a rage, da rana a fitar da su su ga haske ko da sanyi ake yi, kada a bar su su yi dogon barcin la'asar. Yakan ɗauki kusan mako kafin su daidaita, kuma a makon nan kai ne za ka riƙa tashin daren, uwarsu ta rama barcin da take bi.