Yadda Nake Karanta Ƙagaggun Labaran Tarihi, da Yadda Nake Zaɓar wa Wani

Ƙagaggen labarin tarihi yana ba ni abin da littafin tarihi bai taɓa ba ni ba: yana zaunar da ni cikin mutanen da ba su san yadda al'amarinsu zai ƙare ba. Mu da muka zo daga baya mun san Napoleon, sarkin Faransa, ya kutsa Rasha a 1812 da runduna mai ɗimbin yawa, ya fito da 'yan tsiraru, yunwa da sanyi da cuta sun cinye sauran. Matar da ke ɗaure kayanta a Mosko cikin Satumbar wannan shekara, tana wasiwasin ta gudu ko ta zauna, ba ta san haka ba. Fargabarta nake nema idan na buɗe irin wannan littafi. Amma akwai inda gizo ke saƙa. Marubucin ya ɗauko abin da ya faru ya ɗinke shi da abin da ya ƙaga, idan kuma gwani ne ba za ka ga zaren ba. Shi ya sa karatun yake da hanyarsa, miƙa littafin ga wani ma yake da tasa.

Kafin ka buɗe shafin farko

Ka ba kanka kamar rubu'in awa, kada ka wuce haka. Abu uku ya ishe ka: wace ƙasa ce, wane zamani ne, wa ke riƙe da mulki kuma wa ke neman ƙwace shi. Ka leƙa taswira, don nisa yana da muhimmanci a duniyar da ba mota ba waya. Wanda ya ce sai ya haddace tarihin zamanin kafin ya fara, galibi ba ya farawa.

Sannan ka nemi shekaru biyu: shekarar da abin ya faru, da shekarar da aka rubuta littafin. Tazarar da ke tsakaninsu tana gaya maka irin idon da marubucin ya kalli abin da shi. An haifi Tolstoy a 1828, shekara 16 bayan mamayar Napoleon, ya kammala War and Peace, littafinsa kan wannan yaƙi, a 1869. Bai ga yaƙin ba, amma ya taso cikin waɗanda suka gani, shi kansa kuma ya yi aikin soja a yaƙin Crimea, ya san ƙarar igwa. An haifi Chimamanda Adichie a 1977, shekara 7 bayan kammala yaƙin basasar Nijeriya, kakanninta maza biyu sun rasu a cikinsa, saboda haka Half of a Yellow Sun na 2006 labari ne da aka ba da shi daga cikin Biyafara, daga bakin waɗanda aka yi wa ƙawanya. Jurji Zaidan kuwa, wanda ya kafa mujallar Al-Hilal a Alƙahira a 1892, ya rubuta ƙagaggun labarai fiye da 20 kan tarihin Musulunci da niyyar koyar da jama'a tarihi cikin sauƙi. Idan ka san haka, za ka gane soyayyar da ke cikin littattafansa jan hankali ce, darasin yana bayanta. Sanin wannan ba ya rage wa littafi daraja. Yana dai nuna maka inda mai labarin ya tsaya yake magana.

Cikin karatun

Ni dai ba na fara irin wannan littafi sai da fensir da 'yar takarda a ninke cikin bango. Duk sunan da ya sake fitowa na rubuta shi, na ƙara kalma biyu a gefe: ɗan wa, matar wa, yaron wa. Wanda na san ya taɓa rayuwa da gaske na ja masa layi a ƙasa. Wanda nake zaton ƙirƙirarre ne na bar shi haka. Wanda ya shige mini duhu na sa masa alamar tambaya. Duk wanda ya karanta Wolf Hall na Hilary Mantel, wanda ya fito a 2009 kan fadar Sarki Henry na 8 na Ingila, ya san amfanin takardar nan, don manyan fadar da yawa sunansu Thomas: Cromwell, Wolsey, More, Cranmer, Boleyn, Howard. Marubuciyar ta jera sunayen a farkon littafin, amma wanda ka rubuta da hannunka ya fi zama a ka.

Kada ka riƙa tsayawa kana binciken kowane abu a waya. Wannan shi ke kashe littafi. Ka sa ɗigo a gefen shafi, ka wuce, bincike yana nan zuwa.

Ka kula da inda marubucin ya ajiye ka a lokacin babban al'amari. A faɗan Borodino, wanda aka gwabza tsakanin sojojin Napoleon da na Rasha ranar 7 ga Satumba 1812, Tolstoy bai bar mu tare da janar-janar kaɗai ba. Ya tura Pierre, farar hula ne mai ƙiba da tabarau, sanye da farar malafa, yana yawo a fagen daga bai san gabas ba bai san yamma ba. Sojoji suna kallonsa suna murmushi, hayaƙi ya rufe komai, mutumin da suka yi magana da shi ɗazu ga shi nan kwance. Pierre bai taɓa rayuwa ba, Kutuzov, kwamandan sojojin Rasha, da Napoleon ne na gaske. Duk da haka ta idon Pierre ne na fahimci cewa wanda ke cikin yaƙi ba ya ganin yaƙin, ƙura da ihu kawai yake gani, tsarin da ake zanawa a taswira daga baya ake haɗa shi. Irin wannan wuri ka sassauta, ka maimaita shafin idan ta kama.

Akwai alamomin da nake gane littafi mai rauni da su tun a babi na biyu ko na uku. Babbar alamar ita ce tauraron da ke tunani irin na mutanen yau, an dai sa masa tsofaffin tufafi. Kowa a zamaninsa ya yarda da bauta ko da ikon sarki, shi kaɗai ya tashi da ra'ayin ƙarni na 21, ba a kuma nuna mana inda ya samo shi ko abin da ya jawo masa ba. Masu saɓa wa zamaninsu sun wanzu, amma sun yi ta da harshen zamaninsu da hujjojinsa, kuma sun ɗanɗana kuɗarsu. Wata alamar ita ce mutum biyu su zauna suna ba juna labarin abin da dukansu suka sani, don kawai mai karatu ya ji. Marubucin kirki kuwa a ƙananan abubuwa ake kama shi: kwana nawa wasiƙa take yi a hanya, da me ake haska ɗaki, wace cuta ce uwa ke tsoro idan jikin ɗanta ya yi zafi, wa ke da ikon zama a gaban wa. Idan waɗannan sun zauna daidai, nakan saki jiki da shi.

Bayan ka rufe littafin

Yanzu ne lokacin ɗigon da ka bari. Ka fara da bayanin da marubuci ya sa a ƙarshe, idan akwai, domin masu gaskiya cikinsu sukan faɗi inda suka matsar da shekara ko suka haɗe mutum biyu suka zama ɗaya. Daga nan ka zaɓi abu biyu ko uku da suka fi girgiza ka, ka neme su a littafin tarihi na sosai. Ba dole ne ka bi duka ba.

Ga yadda abin yake fitowa. Amin Maalouf ya fitar da Leo Africanus a 1986, kan Hassan al-Wazzan. Tarihi ya tabbatar an haife shi a Granada ta Andalus dab da faɗuwarta a 1492 ko jim kaɗan bayanta, ya girma a Fas, ya yi tafiye-tafiye, 'yan fashin teku sun kama shi a 1518 aka kai shi gaban Fafaroma Leo na 10 a birnin Rum, ya kuma rubuta littafi kan Afirka da aka buga a 1550, inda ya siffanta Tambutu. Wannan shi ne ƙashin labarin. Hirarrakinsa da matansa, da abin da yake ji a zuci daren da aka ɗaure shi, Maalouf ne ya zuba su. Ka ji daɗinsu, amma kada ka kafa hujja da su a gaban mutane. Haka d'Artagnan, tauraron The Three Musketeers na Alexandre Dumas: mutum ne na gaske, ya mutu a ƙawanyar Maastricht a 1673, sai dai a 1625 da Dumas ya sa shi yana zare takobi a Paris, na gaskiyar yaro ne ƙarami.

Abin da ya fi kuskuren shekaru wuyar kamawa shi ne ɓangaranci. Mantel ta tsaya a bayan Cromwell, babban mashawarcin Sarki Henry, mutumin da aka daɗe ana zana shi a matsayin mugu, ta kuma nuna Thomas More, wanda aka fille wa kai a 1535, da taurin zuciya. Tana da hujjojinta, masana da yawa kuma ba su yarda da ita ba. Idan littafi ya sa ka tsani wani mutum ko wata al'umma baki ɗaya, ka nemi wanda ya ba da labarin daga ɗaya gefen kafin ka yanke hukunci. Wannan ina ɗaukarsa wajibi, musamman idan jikokin waɗanda abin ya shafa suna raye.

Idan wani ya ce ka zaɓar masa

Kada ka fara da littafin da ka fi so. Ka fara da tambayarsa: wane littafi ka karanta har ƙarshe kwanan nan, me ya riƙe ka a ciki? Amsarsa ita za ta nuna maka ƙofar da zai shiga. Wani makircin fada yake so, wani yaƙi, wani tafiya da baƙin garuruwa, wani kuma iyali guda yake son bi daga kaka zuwa jika. Zamanin ba shi ne kan gaba ba. Mai son labarin iyali zai bi ka har ƙasar da bai taɓa jin sunanta ba, muddin akwai uwa da 'ya'ya da gado a ciki.

Ka auna haƙurinsa da lokacinsa. Wanda bai saba ba, kada ka ɗora masa littafi mai shafi dubu da wani abu. Gajere mai ƙarfi ya fi. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, ana iya gama shi a zama ɗaya ko biyu, amma yaron da aka sace da uwar da ta bi sawunsa ta ƙetare Sahara suna nuna cinikin bayi fiye da dogon bayani. Wanda ya gama shi ya dawo yana tambaya, shi ne za ka miƙa wa mai kauri.

Littafi ɗaya za ka ba shi. Idan ka jera masa bakwai, ba zai karanta ko ɗaya ba.

Sannan ka faɗa masa gaskiya kan abu uku. Ka gaya masa inda littafin yake jan ƙafa, misali ka ce shafi hamsin na farko sunaye ne da gabatar da gidaje, ya daure. Ka gaya masa idan akwai abin da zai yi masa nauyi: kisan kiyashi, fyaɗe, batsa, ko maganar da ta taɓa addininsa. Wannan haƙƙinsa ne, ya fi ƙarfi idan matashi ne, ko wanda danginsa suka ga abin da idonsu. Mutumin da mahaifinsa ya yi yaƙin basasa ba zai karanta labarinsa yadda ɗalibi zai karanta ba, don haka ka tambaye shi ko yana so kafin ka miƙa. Na ukun, ka raba masa ƙashi da tsoka a jimla biyu: sarkin da yaƙin na gaske ne, budurwar da saurayin ƙirƙira ne, marubucin kuma yana gefen su wane. Sau da yawa nakan ji mutum yana kawo zancen cikin ƙagaggen labari a muhawara kamar shaida, kuma da wanda ya ba shi littafin ya yi masa wannan ɗan bayani da bai faɗa ciki ba.

Ƙarshen yaƙin ba sirri ba ne, kana iya faɗa. Makomar mutanen da marubucin ya ƙaga ita ce za ka kame bakinka a kai, don ita kaɗai ce mai karatu bai sani ba, ita ce kuma za ta hana shi barci. Idan littafin fassara ne kuma akwai fiye da ɗaya, ka ce ya karanta shafi guda daga kowace ya ɗauki wadda ta fi shiga kunnensa.

Bayan mako biyu ka tuntuɓe shi. Idan ya gama, ka tambaye shi wa ya fi tsaya masa a rai, kada ka ce me ya koya. Idan ya ajiye a hanya, kada ka matsa masa, ka tambayi wurin da ya tsaya. Wanda ya tsaya a tarin sunaye, ka nemo masa mai mutane kaɗan da murya ɗaya. Wanda ya tsaya a fagen yaƙi, ka kai shi labarin cikin gida na wancan zamanin dai. Wanda kuwa ya ce abin da ya dame shi shi ne rashin sanin wanne ne gaskiya wanne ne ƙage, ka ba shi littafin tarihi kai tsaye, shi yake nema tun farko.