Yadda zaka gane kalifa ta hannu ka gyarata in zaka maida birkin a-kori-kura na diski

Kalifa ita ce ƙarfen da fistin ɗinsa ke matse fad, wato takalmin birki, a jikin diski. Da farko duba lambar da aka zuba a jikin ƙarfen, da ita zaka san motar da aka ciro ta, sannan ka auna faɗin fistin da kaurin diskin da zata hau. Hagu da dama ba ɗaya bane, in ka ɗorata nonon fitar da iska dole ya kasance sama, in yana ƙasa to ka juya su, kuma iska bazata taɓa fita ba ko ka kwana kana famfo.

Sai ka gwada kwance nonon nan tun kafin ka biya, in ya karye ciki aiki ya ƙaru.

Wajen cire fistin saka katako a gabansa ka hura iskar kwampireso kaɗan kaɗan ta ramin tiyo, ka janye yatsunka don da ƙarfi yake fitowa. Cire tsohon sil, wato zoben robar da ke hana mai zuba, da tsinken roba, sukudireba na karce ramin. Fistin da tsatsa taci har tayi ramuka canza shi kawai, gogewa bata maganinsa.

Wanke komai, shafa sabon sil da man birki DOT 3 ko DOT 4, banda fetur ko baƙin mai domin suna kumbura robar. Tura fistin a miƙe da hannu, zaunar da robar ƙura, sandunan zamiya kuma giris ɗin silikon.

Kar ka manta masta, wato famfon da ke tura mai in ka taka birki, ta tsohon birkin durom tana iya zuwa da bawul mai riƙe matsi, in baka cire shi ba fad zai riƙa kama diski. Daga nan ka fitar da iska, ka fara da tayar da tafi nisa da masta.