Yadda Ake Auna Tsawon Ran Kayan da Ba a Gyarawa

Ƙwan fitila, fiyus, da kafasitar injin rijiyar burtsatse (ƙaramar na'urar da ke taimaka wa injin ya tashi), in sun mutu sai dai a sauya. Ma'aunin ransu shi ne matsakaicin awannin aiki kafin mutuwa, wanda injiniyoyi ke kira MTTF.

A ɗauki kaya iri ɗaya daga kamfani ɗaya, a rubuta wa kowanne lamba da alƙalamin da ba ya gogewa. Awannin aiki kawai ake ƙirgawa: fitilar da ke ci awa 12 a dare, kwana goma awa 120 ne.

A ce ƙwai 20 aka kunna har awa 2,000. Huɗu sun mutu a awa 500, 900, 1,200 da 1,400, jimla 4,000. Sauran 16 ba su mutu ba, kowanne ya yi 2,000, jimla 32,000. A haɗa, 36,000. A raba da huɗun da suka mutu, an samu awa 9,000.

Nan mutane ke yin tuntuɓe. Wanda ya watsar da masu rai ya raba 4,000 da huɗu zai samu 1,000, ya yi wa kaya mai kyau ƙazafi. Kuma 9,000 ba alkawari ba ne: in haɗarin mutuwa bai canzawa da tsufa, kusan kashi 63 cikin ɗari za su mutu kafin nan. Lissafin ma bai hango tsufan da ke bayan awa 2,000 ba.

A yi gwajin inda kayan za su zauna. Zafin bazarar Katsina ƙarƙashin kwano yana busar da kafasita, ƙurar hunturu na toshe hanyar iska, don haka alƙaluman jikin kwali kan zarce abin da za a gani. Wanda hauhawar wuta ta ƙone, a rubuta shi daban.