Kurakuran da masu facin titi ke maimaitawa

Duk shekara, da zarar damina ta ɗauke, sai sababbin 'yan kwangila su fito da tifa da gangunan kwalta suna facin titi. Kafin wata daminar ta yi nisa, ramukan sun dawo, har sun fi na bara faɗi. Na gaji da kallo, bari in faɗa.

Babban kuskure shi ne yin faci ba a duba inda ruwa ke bi ba. Kwalta rufi ce kawai, ƙasar da ke ƙarƙashi ita ke ɗaukar nauyin mota. Da ruwa ya kutsa ta tsaga ya jiƙa marmara, sai ta yi laushi, tirela ta taka, kwalta ta lotsa ta farfashe. Tun wajajen 1820 John McAdam, injiniyan hanya mutumin Scotland, yake nanata cewa busasshiyar ƙasa ita ce ƙarfin hanya. Shi ya sa yake ɗaga tsakiyar titi sama da gefuna don ruwa ya gangara. Shekara 200 ke nan, amma har yau yaro zai gama faci, lambatu na gefensa cike da leda da yashi, ko leƙawa bai yi ba.

Wani ɗan kwangila ya taɓa ba ni facin wani yankin titi a bakin kasuwa, ya ce yashe kwalbati ba ya cikin lissafi. Ruwan Agusta ya kwashe facin kaf, ɗan kwangilar ya riƙe cikon kuɗina, leburori kuwa daga aljihuna na sallame su. Tun daga nan, ba a sauke mini ko ganga ɗaya sai an yashe lambatu a kan idona. Wanda bai yarda ba, ya nemi wani.

Na biyu, daɓe. Kai yaro, tayar tifa ba rola ba ce! Ka juye kwalta a rami, direba ya yi gaba ya yi baya sau biyu, ka ce an gama? Ka yanka bakin ramin ya miƙe har ka kai kwalta mai lafiya, ka kwashe ɓurɓushi, ka bari ya bushe, ka shafa ruwan kwalta ƙasa da gefe don sabuwa ta kama tsohuwa. Ni ba na zuba abin da ya wuce santimita 5 sai na daɓe, sannan in ƙara. Wasu na cewa ɓata lokaci ne, su suka sani. Kwalta kan baro injin haɗi da zafin kusan digiri 150. In ka tsaya shan shayi har ta huce, ko rola goma ka kawo ba za ta daɓu ba.

A kula da irin motocin da ke bin hanyar. Gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa in nauyin da ke kan ƙafar mota ya ninka biyu, ɓarnar kan ninka kusan 16. Facin layin unguwa ba zai yi a hanyar tirelolin siminti ba.

Ƙananan tsagu a toshe su tun kafin ruwan farko. Kada a wanke shebur da man gas a kan sabon faci, narka kwalta yake yi. Mai fasa titi don jan famfo kuma, a tsare shi ya mayar da marmara ya daɓe kafin ya bar wurin.