Zama a ƙauyen Jawa: yadda za ka tsare ranka, gidanka da filinka

Wanda karatu ko aure ko kasuwanci ya kai shi wani ƙauye a tsakiyar tsibirin Jawa na Indonesiya, abin da ke fara zuwa ransa shi ne ɓarawo. Akwai ɓarayi kam, musamman na babur da na awaki, amma su ne ƙaramar matsalar. Abin da ke cin rai a can shi ne bangon da aka gina ba rodi, da gangaren da damina ta jiƙa, da tukunyar gas mai yoyo. Abin da ke cin dukiya kuwa takarda ce. Duk taimakon da za ka samu a kan waɗannan ta hannun maƙwabta yake biyowa, don haka da su za a fara.

Ka fara da Pak RT

Ƙauye, wato desa, yana da zaɓaɓɓen shugaba. A ƙarƙashinsa akwai shiyyoyi, a can ƙasa kuma akwai RT, rukunin gidajen da sau da yawa ba su wuce 30 zuwa 50 ba. Shugaban rukunin shi ake kira Pak RT, kuma aikinsa ya yi kusa da na mai unguwa. A bakin unguwanni da yawa za ka ga allo yana cewa baƙon da zai kwana ya kai rahoton kansa cikin awa 24. Ka ɗauki wannan da gaske. Ka je tare da mai gidan da ka sauka, da kwafin fasfo da na izinin zama. Shi ma mai gidan, dokar shige da fice ta 2011 ta ɗora masa ba da bayanan baƙon waje da ke gidansa idan hukuma ta nema.

Kafin ka tashi ka karɓi lambar waya huɗu: ta Pak RT, ta ɗan sandan da aka ba ƙauyen, wanda ake kira Bhabinkamtibmas, ta sojan ƙauyen, wato Babinsa, da ta ungozomar gwamnati. Lambar 'yan sanda 110 ce, ta 'yan kwana-kwana 113, ta motar asibiti 119. Sai dai motar kashe gobara daga gari take tasowa, kafin ta iso masu bokiti sun gama abin da za a iya yi. Masu bokitin nan su ne waɗanda ka yi aikin gayya da su ranar Lahadi, ka je ta'aziyyarsu, ka rage gudun babur ka sunkuyar da kai ka ce musu "monggo", kalmar ladabi ta mutanen Jawa, idan ka zo wucewa.

Sintirin dare

Kowane magidanci yana da darensa a jadawalin sintiri, wanda suke kira ronda. Ana taruwa a rumfar gadi wajen ƙarfe 10 ko 11, a yi ta zagaye har kusan asuba. Idan ba za ka samu zuwa ba, ka tura wani, ko ka biya tarar da unguwa ta yanke, ko ka aika da shayi da abin taɓawa. Shirun ne ba a yafewa.

A ƙofar kowane gida akan rataye ɗan gwangwani, a zuba shinkafa kaɗan ko rupiya 500 ko 1,000 kullum. Sunan wannan jimpitan, kuma kuɗin na asusun unguwa ne. Amfaninsa na gaske shi ne yana tilasta wa masu sintiri taka ƙofar kowa, kuma gwangwanin da aka tarar wayam dare biyu a jere yakan sa a ƙwanƙwasa a ji ko lafiya. In za ka yi tafiya, ka faɗa wa Pak RT ranar dawowarka.

A rumfar akwai kentongan, gora ko gungumen da aka fafe ana bugawa da sanda. Tsarin da ya fi yaɗuwa a Jawa shi ne: bugu ɗaiɗai kisa ko mutuwa, bibbiyu ɓarawo, uku-uku gobara, hurhuɗu ambaliya ko wani bala'i, biyar-biyar satar dabba. Ƙauyuka sukan ɗan bambanta, sai ka karanta allon da ke liƙe a rumfarku ka haddace. Yanzu akwai zauren WhatsApp da lasifikar masallaci, amma in girgizar ƙasa ta ɗauke wuta da sabis, gungumen ne ke saura.

Kada ka yi ihun "maling", wato ɓarawo, sai ka tabbata. Taron jama'a yakan yi wa wanda ake zargi dukan da ba ya tashi. Kai baƙo, naka shi ne kiran ɗan sanda. Kada kuma ka yi yawon dare a shiyyar da ba a san fuskarka ba.

Ɓarawon babur da ɗan ƙarfe mai siffar T yake fasa makulli cikin daƙiƙoƙi, kuma lokacinsa magariba ne da asuba, ko bakin gona inda aka bar makulli a jiki. Ka sa kwaɗo a faifan birki, ka shigar da babur ɗaki da dare. Takardunsa biyu ne: STNK da ake yawo da ita, da BPKB, littafin mallaka, wanda ke zama a gida, ba ƙarƙashin kujerar babur ba. Kada ka sayi na hannu sai da duka biyun, kuma lambar inji da ta jiki sun dace da abin da aka rubuta.

Fili: inda ake asara mafi girma

Dokar filaye mai lamba 5 ta 1960 ta keɓe cikakkiyar mallaka, Hak Milik, ga 'yan ƙasa kaɗai. Baƙo mai izinin zama zai iya samun haƙƙin amfani a kan gida, amma an sa mafi ƙarancin farashi na biliyoyin rupiya, wanda gidan ƙauye ba ya kaiwa. Abin da ya rage maka haya ce.

Dillali zai ce ka saya da sunan wani ɗan gari, ku rubuta yarjejeniya a gefe. Sashe na 26 na dokar ya ce cinikin da ke miƙa mallaka ga baƙo, kai tsaye ko ta bayan gida, ɓatacce ne, filin ya koma hannun gwamnati, kuɗin da mai fili ya karɓa kuma ba a neman a dawo da shi. Ko hukuma ba ta shigo ba, ranar da mai sunan ya rasu filin ya zama gadon 'ya'yansa.

Mai auren 'yar ƙasa ya kula da wani tarko. Idan babu yarjejeniyar raba dukiya, abin da aka saya cikin aure na ma'auratan ne tare, hannun baƙo ya shiga mallakar ke nan, kuma doka ta ba da shekara 1 a saki filin. Tun hukuncin Kotun Tsarin Mulki na 2016 ana iya ƙulla wannan yarjejeniya a gaban notari, jami'in da doka ta ba ikon shaida takardun yarjejeniya, ko bayan an ɗaura aure. A ƙulla ta kafin a biya ko sisi.

In matarka ce za ta saya, a nemi ganin ainihin takardar shaidar mallaka, a kai ta wurin PPAT, jami'in da doka ta ba ikon rubuta takardar cinikin fili, ya bincika a ofishin filaye na BPN ko tana jingine a banki ko ana shari'a a kanta. Filayen ƙauye da yawa ba su da ita, sai girik ko Letter C, tsofaffin bayanan haraji da ke littafin ƙauye. Dokar gwamnati mai lamba 18 ta 2021 ta ba masu irin waɗannan shekara 5 su yi rajista, bayan Fabrairun 2026 kuma ba hujjar mallaka ba ce, manuniya ce kawai wajen rajista. Takardar harajin shekara ma ba ta nuna mai fili. Rasit mai kan sarki na rupiya 10,000 yana nuna an biya kuɗi, ba ya mayar da suna. Mai sayarwa yana biyan harajin kashi 2.5 cikin 100, mai saye har kashi 5, sannan a sauya suna a BPN.

A taka iyaka da ƙafa tare da maƙwabtan kowane ɓangare, a ga turakun iyaka a kafe. In filin gado ne, kowane magaji ya sa hannu, har wanda ke aiki a Malesiya ko Saudiyya, domin shi ne zai dawo ya ce bai sani ba. A tambaya ko filin na baitulmalin ƙauye ne ko wakafi, a Yogyakarta kuma ko na masarautar Sultan ne. A tambaya ko gonar shinkafa ce da aka hana mayarwa gida. Hanyar shiga ma a rubuta ta, don wadda kake bi yau wataƙila alfarmar maƙwabci ce. Haya mai tsawo ita ma a yi ta gaban notari, a fayyace makomar duk ginin da ka ƙara.

Gidan da zai tsaya

Girgizar ƙasar Bantul, a yankin Yogyakarta, ta 27 ga Mayu 2006 ta zo kafin ƙarfe 6 na safe, ta kashe mutum fiye da 5,700, akasari a ƙarƙashin gidajen jan bulo marasa ginshiƙi masu nauyin rufin tayil na yumɓu. Ta Cianjur a Nuwamba 2022 ƙarfinta 5.6 ne kawai, amma ta kashe ɗaruruwa.

Ƙa'idar da ma'aikatar ayyuka ta ƙasar ta fitar don ƙananan gidaje a bayyane take. Ginshiƙi santimita 15 da 15, kankaren da ke kan tushe 15 da 20, wanda ya ɗaure saman bango 12 da 15. Babban rodi milimita 10, guda 4, zobba na milimita 8 a tazarar santimita 15, a lanƙwasa bakin kowane zobe ciki da digiri 135. Wanda aka lanƙwasa a 90 buɗewa yake in ƙasa ta motsa. Kwaɓin kankare siminti 1, yashi 2, tsakuwa 3. Na ɗora bulo 1 da 4. Kada faɗin bango tsakanin ginshiƙai ya wuce murabba'in mita 9, kuma bayan kowane layi 6 na bulo a sa rodin da ke ɗaure bango da ginshiƙi, tsawon santimita 40. A kusurwa, rodin ya shige cikin ɗan'uwansa da santimita 40. Nan magina suka fi yin ƙwauro, nan kuma gida ke fara tsagewa.

In haya za ka kama, ka leƙa bayan gida inda ba a yi filasta ba, ka ga ko akwai ginshiƙi a kusurwoyi. Ka duba bangon nan mai kusurwa uku da ke ƙarƙashin rufi, in ba a kewaye shi da kankare ba kada gado ya kasance kusa da shi. In ƙasa ta girgiza ka kare kanka kafin ka fita, domin tayil a daidai bakin ƙofa yake zubowa. A gaɓar tekun kudu, girgiza mai ƙarfi ko mai tsawo na nufin a hau tudu nan take saboda tsunami, ambaliyar teku, ba a jiran sanarwa.

Gangare da dutse

Damina takan kama daga wajen Nuwamba zuwa Maris. A 12 ga Disamba 2014 ƙasa ta zaftare ta binne shiyyar Jemblung a Banjarnegara, kusan mutum 100 suka mutu. Gangare yakan nuna alama: tsaga mai lanƙwasa a samansa, bishiya ko turken wuta ya karkace, idon ruwa ya gurɓace ko sabo ya ɓullo, ƙofa ta fara cijewa. A cike tsagar da yumɓu a daddanne, a karkatar da magudanar ruwa daga wurin, a sanar da ƙauye. Tafkin kifi ko gonar shinkafa a saman gangare ƙara masa ruwa suke yi. In an ga alamun nan kuma ruwa ya yi awanni yana zuba, a kwana wani wuri.

A gindin Merapi, dutse mai aman wuta, matakan gargaɗi huɗu ne: Normal, Waspada, Siaga, Awas. A na uku ake fara kwashe tsofaffi da yara da masu ciki, a lokacin ya kamata a fitar da shanu. A aman 2010, wanda ya ci rai fiye da 300, sai da aka faɗaɗa yankin haɗari zuwa kilomita 20, kuma komawa ba dabbobi ciyawa na cikin abin da ya riƙa mayar da mutane ciki. Ruwan da aka yi a ƙololuwa yakan turo laka da duwatsu ta rafi ko da rana ake yi a ƙasa, saboda haka kada a zauna cikin rafin in saman dutsen ya yi duhu.

Kicin, gona da banɗaki

Koriyar tukunyar gas mai kilo 3 ta tallafi ce ga marasa ƙarfi, kai ka sayi mai kilo 5.5 ko 12. Duk sauyin tukunya ka duba ɗan zoben robar da ke cikin bakinta, shi ne ya fi jawo yoyo. Ka shafa ruwan sabulu a mahaɗa da tiyo, kumfa ta tashi akwai matsala. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka kicin na buƙatar kafar iska kusa da daɓe. Ka ji wari, ka cire kan da ke haɗa tiyo da tukunya, ka buɗe ƙofa, kada ka taɓa makunnin lantarki. Gidajen ƙauye kan sami wutar VA 450 ko 900, tukunyar shinkafa da injin ruwa da dutsen guga tare sun isa su sa ta katse. Kashe ɗaya za ka yi, kada wani ya zagaye maka makatsar.

Kada ka ratsa gonar shinkafa da dare. Wasu manoma na kewaye gona da tsirarar waya mai lantarki saboda ɓeraye, kuma ta kashe mutane a Sragen da Ngawi. Farkon damina ne gamsheƙa ke ƙyanƙyasa. In maciji ya sari mutum, a sa katako a hana gaɓar motsi kamar an yi karaya, ba ɗaurin tamau, ba tsaga, ba tsotsa, a ɗauke shi zuwa asibiti ba da ƙafarsa ba. Rijiya ta yi nisan aƙalla mita 10 da ramin masai.

Ɗan tankin simintin banɗaki shi ne gidan sauron zazzaɓin dengi. A kwashe ruwansa a goge bangonsa da buroshi kowane mako, domin ƙwan a jikin bango yake manne. Zazzaɓi mai zafi ya kai kwana biyu, a je Puskesmas, asibitin gunduma, a gwada jini. Farasitamol kaɗai za a sha, ban da asfirin da ibufurofen saboda zubar jini. Lokacin da zafin ya sauka, wajen kwana na 4 zuwa na 6, shi ne mafi haɗari: ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa, jini a dasashi ko sanyin hannu da ƙafa na nufin a koma asibiti a daren.