Kurakuran da sababbi ke maimaitawa in za su taɓa faifai kai tsaye daga LabVIEW

Na gaji da jin kuka iri ɗaya: "Na kira DeviceIoControl, sai LabVIEW ta rufe ba sallama." LabVIEW manhaja ce da ake tsara shiri a cikinta ta hanyar haɗa akwatuna da wayoyi, DeviceIoControl kuwa aikin Windows ne na aika umarni ga na'ura, yana cikin fayil ɗin kernel32.dll. Kusan kullum kernel32.dll ba ta da laifi, mai haɗa wayoyin ne ya jawo.

Na farko, wurin zuba bayanai. LabVIEW ta shagwaɓa ku, ita ke nemo wuri a ƙwaƙwalwa duk sanda jeri ya girma. Windows ba ruwanta. Ka miƙa wa ReadFile, aikin Windows na karanta bayanai, jerin da babu komai a ciki ka ce ta zuba bayit 512, za ta zuba, amma a kan kayan wani. In kana da sa'a ka ga kuskure 1097. In ba ka da ita, aiki ya tafi sumul, sai can gaba shirin ya faɗi a wurin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ni kafin kowane kira sai na sa Initialize Array, girman kuma daga jerin nake ɗauko shi da Array Size.

Na biyu shi ya fi cinye mini dare. LabVIEW mai bit 32 tana matse filayen Cluster (ƙunshin bayanai iri-iri) ba giɓi, alhali harshen C na barin giɓi. Duba SCSI_PASS_THROUGH_DIRECT, tsarin da ake aika wa faifai umarni da shi: bayan bayit 9 na farko akwai giɓin bayit 3 kafin DataTransferLength. Girmansa 44 ne a bit 32, 56 a bit 64. Ka kwafe filayen yadda ka gan su, direba ya karanta shirme ya mayar maka da kuskure. Wasu suna cusa filayen bogi don cike giɓin. Ni na daina. Jerin bayit zalla nake yi, in ajiye kowane fili a gurbinsa, ina tuna cewa Type Cast babban bayit take sawa a gaba, injin Intel kuwa ƙarami. In tsarin ya cika mannuni (pointer, wato adireshin wuri a ƙwaƙwalwa), ƙaramar DLL, fayil ɗin ayyuka da LabVIEW za ta kira, nake rubutawa da C in huta.

Ƙananan kurakuran ba sa buƙatar dogon bayani. A bit 32 zaɓi stdcall a matsayin salon kiran aikin. Abin da CreateFile, mai buɗe faifan, ta dawo da shi ka ba shi lamba mai girman mannuni, ka duba ko -1 ne (alamar buɗewa ta gaza), ka rufe da CloseHandle. Kuskure 5 na nufin an hana ka shiga, galibi don ba ka buɗe shirin da ikon mai gudanarwa ba. Karatu ya zama ninkin girman sashen faifai (sector), bayit 512 ko 4096. Kada ka yarda da GetLastError, mai ba da lambar kuskuren ƙarshe, a kira na daban, LabVIEW na iya sauya zare (thread, layin da aikin ke gudana a kai) a tsakani.

Kuma don Allah, wa ya ce ku gwada rubutu a \\.\PhysicalDrive0? Galibi nan Windows ɗinku take zaune! Na ga ɗalibin da ya shafe sashen farko na faifansa yana zaton filasha yake taɓawa. Lambar faifai na iya canzawa in an cire an mayar. Ku tambayi na'urar sunanta da IOCTL_STORAGE_QUERY_PROPERTY tukuna, gwajin rubutu kuma a tsohuwar filasha kawai.